Gidan da Bai Ɗaga Tuta Ba

Garin Port Dickson da aljihun mutanen Kuala Lumpur yake rayuwa. Duk Juma'a da yamma motoci za su yo jerin gwano daga birni, maƙil da yara da tabarmi da kulolin abinci, kowa yana so ya tsoma ƙafa a teku kafin Litinin ta kira shi bakin aiki. A bakin ruwan Teluk Kemang kuwa kowa da hanyar da yake samun nasa a jikin baƙin nan. Ga mai yanka kwakwa, ga mai gasa kifi, ga mai ba da hayar tayar ninkaya, ga samarin da ke jan mutane a kwalekwalen roba mai siffar ayaba su kifar da su a ruwa ana ihu ana dariya, har da tsohuwar da ke gadin banɗaki. A cikin wannan hadahada Bahaushe ɗaya ne tak, Halliru mai tsire.

Shi ma daga birnin ya zo. Ya daɗe a unguwar Kampung Baru yana kai wa ɗaliban Najeriya na titin Jalan Semarak kuka da daddawa da kilishi har ƙofar ɗaki. Wata Sallah ya rako iyalan ɗaliban shan iska bakin ruwa, ya hura gawayi ya kafa musu tsire, sai ga 'yan gari sun yi layi a bayansa, sun zaci na sayarwa ne. Wani dattijo mai rumfar kwakwa, Pak Zainal, ya ɗanɗana tsinke ɗaya, yaji ya sa shi tari har da hawaye, yana gama tarin ya miƙo hannu a ƙara masa. A ranar ya ce wa Halliru rabin rumfarsa a banza yake zaune. Kafin wata Sallar ta zagayo Halliru ya kwaso matarsa Hureira da 'yarsu Khaulah da ƙaninta Ubaidullah, ya kama musu ɗan gida a bayan masallacin unguwa.

Mutum ɗaya ne bai yi murna ba, yayan Hureira, Sha'aibu, mai shagon yadi a titin Jalan Masjid India can birni. Cewa ya yi wane mai hankali ne zai kai iyali garin da ruwan sama kaɗai ya isa ya tashi kasuwarsa. Halliru bai tanka ba. Shekarun da suka biyo baya suka tanka masa, don har mota ya fara tambayar kuɗinta.

Sai korona ta zo. Kullen farko ya cinye abin da ya tara na motar. Aka buɗe na ɗan lokaci, baƙi suka dawo da takunkumi a fuska, mutane suka fara sakin rai. Da shekara ta juyo aka hana tsallaka jiha zuwa jiha, 'yan sanda suka kafa shinge a babbar hanya, Kuala Lumpur da ke nan kusa ta koma kamar wata ƙasa. Otal-otal suka sallami ma'aikata. Aka ja jiragen shaƙatawa kan yashi aka kife su, ciyawa ta fara fitowa a gefensu. Rumfuna suka rufe a jere, tamfol yana ta kaɗawa. Tekun dai bai fasa zuwa da komawa ba, sai ka ce bai lura ba.

A irin wannan lokaci Sha'aibu ya bugo waya.

"Halliru, ya gida, ya yaran?"

"Lafiya lau, Yaya. Alhamdulillahi."

"Ina ganin hotunan garinku a waya. Ko kyanwa babu a bakin ruwan nan. Me kuke ci ne, yashi?"

Halliru ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Yaya. Muna nan cikin rufin asiri."

"To madalla. Amma bari in faɗa maka tun da wuri, kada ka ce ban faɗa ba. Hureira ba ita kaɗai ba ce yanzu, juna biyu gare ta. Ranar da na ji ƙanwata ta kwana da yunwa, wallahi izinin 'yan sanda zan nemo in zo in kwashe ta da yaran. Matata Jumai ta daɗe da gyara musu ɗaki. Ba faɗa ba ne, gaskiya ce."

Halliru ya kashe wayar ya ajiye. Ya san Sha'aibu. Idan ya ɗauke su ba aro zai yi ba. Makaranta zai sa Khaulah a birni, ya nema wa Hureira abin yi a shago, shi kuwa ya koma baƙon da ke zuwa gaida iyalinsa a falon wani. Tun daga ranar ya ƙudurta cewa duk wuya babu wanda zai ji halin da gidansa yake ciki.

Tsakiyar shekarar aka fara ɗaga fararen tutoci. Abu ne da mutanen ƙasar suka ƙirƙiro wa kansu: duk gidan da abinci ya yanke, ba sai ka roƙi kowa ba, ka ɗaura farin ƙyalle a sanda ka kafa a ƙofa, masu hali za su gani. A unguwar su Halliru gidan mai gasa kifi ne ya fara, sai na wata mata da ke wanke zannuwan otal, sai abin ya bi layi. Wani tawul ya ɗaura, wani tsohuwar singileti. Ƙungiyar masu rumfuna, wadda Pak Zainal ke shugabanta, ta haɗa kai da kwamitin masallaci. Masunta suna ba da kifi, mai kanti na bakin hanya yana ba da shinkafa da mai, wani Basine mai gidan saukar baƙi ya ba da motarsa. Kowace safiya su bi unguwa suna sauke kaya a inda suka ga fari.

Sai dai mutane suna ɗaukar hoton gidajen su watsa a waya don taimako ya samu hanya. Wata rana Halliru ya buɗe zauren hirar 'yan Najeriya na Kuala Lumpur, ya ga hoton layinsu, wani ya rubuta a ƙasa: "Wannan ba garin su Halliru mai tsire ba ne?" Sha'aibu yana cikin zauren.

Tallafin gwamnati na 'yan ƙasa ne, bai ma sa rai da shi ba. Ya sayar da firjin nama, ya sayar da agogonsa. Abinci a gidan ya koma farar shinkafa da ɗan mai, a barbaɗa mata ragowar yajin tsire. Ubaidullah, da yake shekararsa huɗu, ya daina tambayar ina nama.

Wata safiya babur ya tsaya a ƙofar gida. Pak Zainal ne, da takunkumi da hular kwano, ya tsaya nesa kaɗan kamar yadda doka ta ce.

"Halli! Dah makan?" Wato ka ci abinci? Haka suke gaisuwa.

"Alhamdulillahi, Pak. Mun ci, mun ƙoshi."

"Yara fa? Ba abin da ya yanke?"

"Babu komai, Pak. Allah ya saka da alheri."

"Akwai shinkafa a masallaci, ka sani. Ta kowa ce."

"A ba waɗanda suka fi mu buƙata."

Yana faɗa yana jira. A inda ya tashi, a Ƙofar Mazugal, wannan ai buɗe magana ce kawai. Mai tayi zai ce haba, ka ce a'a, ya rantse, ka sake cewa a'a, sannan ya yi kamar ya yi fushi ya ajiye kayan ya juya, kai kuma ka ɗauka da mutuncinka cikakke. Sau da yawa ma ba a tambaya. Maƙwabciya ce za ta lura ba a ɗora tukunya ba, da azahar sai ga kwano a rufe an ce a ɗanɗana gishiri. Halliru ya tsaya yana jiran rantsuwar.

Pak Zainal ya dube shi, ya dubi ƙasa, ya gyaɗa kai a hankali. "Madalla. In dai wani abu ya taso, ƙyalle kawai za ka sa, ba sai ka yi magana ba." Ya tayar da babur ya tafi.

Halliru ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Da ya juyo ya tarar da Khaulah a bakin ƙofa. Shekararta goma sha ɗaya, a nan ƙasar ta yi wayo, Hausarta da yaren Malay a cakuɗe suke fita.

"Abba, me ya sa ka ce mun ƙoshi?"

"Shiga ciki."

"Ai ƙarya haramun ce, kai ka faɗa mana."

"Na ce shiga ciki!"

Sau biyu bayan nan Pak Zainal ya sake tsayawa, sau biyu aka maimaita magana iri ɗaya. Halliru ya fara jin haushin dattijon a ransa. Mutumin da suka yi shekaru a rumfa ɗaya, a ce ba zai iya karanta fuskarsa ba?

Ba zama ya yi ba. Da sassafe yakan je inda masunta ke sauka ya kama musu jan raga, su kan cusa masa ƙananan kifi a leda. Idan ruwa ya janye ya bi duwatsu da bokiti yana tono 'yan ƙwanso kamar yadda ya ga matan gari suna yi. Wata rana a samu, wata rana ya dawo da bokitin yana ƙara. In ya dawo Hureira za ta zuba masa, ta zuba wa yara, ta koma gefe tana ninke kaya.

"Ke fa?"

"Na ci tun ɗazu, Abban Khaulah. Cikin nan ba ya barina in jira kowa."

Ya yarda, domin yana so ya yarda.

Ranar da abin ya fashe, yana dawowa daga bakin ruwa da hantsi, tun daga nesa ya hango wani abu fari yana kaɗawa a ƙofarsa. Hijabin makarantar Khaulah ne, an ɗaure shi a sandar goge-goge an soke a shingen gidan. Bai san lokacin da ya yar da bokitin ba. Ya ruga ya fizge sandar, yana waige-waige ko wani ya gani, ko wani ya ɗaga waya. Layin shiru. Ya shiga gida da hijabin a dunƙule a hannu.

"Wa ya sa wannan?"

"Ni ce," in ji Khaulah. Ba ta gudu ba.

"Ke! Ni za ki tona wa asiri? In zama abin nuni a waya, a ce ga Halliru can ya koma bara?"

"Kowa ya sa, Abba! Gidan su ƙawata sun sa, an kawo musu har da ƙwai. Ba bara ba ne, boleh, an yarda, kowa yana yi!"

"Mu ba kowa ba ne."

"To mu su wane ne?" Muryarta ta karye. "Umma ba ta ci. Ƙarya take maka kamar yadda kake yi wa Pak Zainal. Ruwan zafi take sha da gishiri, ni ina ganinta."

Ya juya ga Hureira. Tana zaune a kan tabarma, bayanta jingine da bango. Sai a lokacin ya ga yadda wuyanta ya zurma, da yadda leɓenta ya yi fari. Ba ta ɗago ba.

"Gaskiya ne?"

"Yarinya ce, rabu da ita."

"Hureira, gaskiya ne?"

"Me kake so in ce maka?" Ta yi maganar a hankali. "Na san abin da kake tsoro. Ni ma ba na son komawa gidan Yaya in zauna ina kallon hannun Jumai. Shi ya sa na yi shiru. Amma Abban Khaulah, abin da ke cikin nan bai san kunya ba. Kwana biyu ke nan motsinsa ya ragu."

Ya zauna a bakin ƙofa, hijabin yana kan cinyarsa. Ya ce a ba shi zuwa gobe. Gobe zai je wajen Basinen nan mai gidan baƙi, ya ji ana cewa yana neman mai yanke ciyawa. In bai samu ba, da hannunsa zai kafa sandar. Gobe kawai.

Washegari yana tsaye a ƙofar gidan baƙin ana ce masa ai an riga an ɗauki wani, wayarsa ta yi ƙara. Pak Zainal ne. Hureira ta faɗi a wajen shanya, Khaulah ce ta rugo gidansa ba ko takalmi. Suna hanyar asibiti a motar kwamiti.

Ba a bar shi ya shiga ba. A lokacin ba a barin kowa. Ya tsaya a filin ajiye motoci cikin rana, yana kallon tagogin da bai san wacce ce tata ba. Bayan azahar wata likita ta kira shi a waya. Jinin Hureira ya yi ƙasa ƙwarai, an sa mata ƙari. Ɗan yana da rai, amma ƙarami ne bisa watanninsa. Daga yanzu har ta haihu ba aiki, ba tsayuwa mai tsawo, abinci mai kyau, kuma lallai a samu mace babba a kusa da ita dare da rana. Likitar ta tambaya, ba da faɗa ba, ko akwai matsalar abinci a gida. Halliru ya buɗe baki zai ce alhamdulillahi, sai ya fasa. Ya ce, "Akwai."

Pak Zainal yana zaune a kan dakalin da ke ƙarƙashin wata bishiya. Halliru ya je ya zauna a ɗaya ƙarshen.

"Sau uku na zo ƙofarka, Halli."

"Na sani, Pak."

"Sau uku ka ce ka ƙoshi."

"A wajenmu haka ake cewa. Sai mai tayi ya matsa. Ya rantse, ya ajiye ya tafi." Ya share fuska da tafin hannu. "Na yi ta jira ka matsa."

Dattijon ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Tun zuwan farko na ga wandonka ya yi maka yawa. Na koma na faɗa wa matata, ta ce in kai buhu in ajiye kawai. Na ce a'a. Na ce mutumin nan baƙo ne, mai kamun kai, ya ce mini ya ƙoshi a gaban 'yarsa. In na ajiye buhu na ƙaryata shi ke nan a gaban iyalinsa. Tutar nan ai don haka muka yi ta, don kada a kunyata kowa da tambaya." Ya girgiza kai. "Ni ina tsare maka fuska, kai kana jiran in yi maka dole. Astagfirullah. Tsofaffi biyu, yarinya ta fi mu hankali."

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Da Halliru ya koma gida ya tarar da baranda cike: buhunan shinkafa, ƙwai, mai, sukari, madarar masu ciki, kifi a cikin ƙanƙara. Har matar nan mai wanke zannuwan otal, wadda tutarta ke kafe a ƙofa, ta aiko da ayaba. Ubaidullah yana ta zagaya kayan yana taɓawa. Khaulah ta dafa ƙwai, ta ba ƙaninta, ta ajiye wa ubanta nasa a faranti.

Ya kira Hureira a waya. Muryarta can ƙasa.

"An kawo abinci," ya ce. "Da yawa. Ya ishe mu har ki haihu."

"Alhamdulillahi."

"Matar Pak Zainal ta ce za ta riƙa leƙowa."

"Tsohuwa ce, Abban Khaulah, ga ciwon ƙafa. Khaulah kuma yarinya ce. Yau ita ta ga na faɗi, ita ta yi ta jijjiga ni tana kuka." Ta numfasa. "Ba zan ce maka zan tafi ba. Ban taɓa fita ba da izininka ba, ba kuma zan fara yau ba. Amma ina tsoro. In na sake faɗuwa kana bakin ruwa fa?"

Ta kashe wayar. Sannan ya nemo lambar Sha'aibu da kansa. Ya yi tsammanin faɗa, ya ma shirya masa, yana ganin in an zage shi zai fi samun sauƙi. Sha'aibu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Innalillahi. To. Allah ya ba ta lafiya. Zan nemi izinin." Ya kashe wayar.

Ranar da aka sallame ta Sha'aibu ya iso. Izinin na mara lafiya ne da 'ya'yanta, ba sunan Halliru a ciki, shi ma bai tambaya ba. Ya fito da jakunkuna ya jera a bayan mota. Ya ɗauko buhun shinkafa ɗaya zai saka, Sha'aibu ya dafa hannunsa.

"Bar shi. Akwai a gida."

"Yaya, in ta haihu, in aka buɗe hanya..."

"In ta haihu ma yi magana. Khaulah dai zan sa ta makarantar su Hasna 'yata, kada karatunta ya tsaya."

Hureira tana gaba, an kwantar mata da kujera. Ya sunkuya ta taga. A gaban yayanta ba abin da za su iya cewa, sai ta ce ya kula da kansa, gishiri yana cikin gwangwanin madara, kada ya sha wahalar nema. Ya ce to. Ubaidullah yana murna zai shiga mota, yana tambaya ko za a ga dogayen benaye. Khaulah ce ta ƙarshe. Ta tsaya a gabansa da jakar makaranta a baya, idonta ya kumbura.

"Abba, ni na jawo?"

"A'a." Ya durƙusa daidai tsayinta, abin da bai taɓa yi ba. "A'a, uwata. Ke kika yi daidai. Ki kula da Ummanki."

Motar ta bi layin a hankali, ta wuce gidan mai gasa kifi, ta wuce masallaci, ta hau babbar hanya.

Ya koma ciki. Takalmin Ubaidullah ƙafa ɗaya yana ƙarƙashin kujera, an manta da shi. Ya ɗauka ya ɗora a kan taga. Ya tsaya yana kallon kayan abincin da suka cika rabin falo. Can ya ɗebi shinkafa a roba ya ajiye gefe, da ƙwai kaɗan, ya ɗaure bakin buhun ya saɓa a kafaɗa ya nufi masallaci. Sai da ya yi sawu uku kafin ya kwashe.

Pak Zainal yana tsakar masallacin shi da 'yan kwamiti suna ƙulla kayan gobe. Ya ga buhunan, ya ga Halliru yana haki.

"Halli, mene ne haka kuma? Naka ne. Kada ka sake fara mini wannan halin."

"Ba shi ba ne, Pak," in ji Halliru. "Ku kai inda akwai yara. Mutum ɗaya ne a gidan yanzu."